Jama'ar Otal Mai Araha

Duk mai son sanin halin matafiyin ƙasar nan kada ya ɓata lokacinsa a manyan otal-otal na Abuja ko Kano. A can kuɗi ya riga ya lulluɓe kowa: kowa da ƙofarsa, da famfonsa, da na'urar sanyaya ɗakinsa, mutumin kirki da takadari duk murmushi ɗaya ma'aikata suke yi musu. Inda ake ganin mutum yadda yake shi ne ƙaramin masaukin bayan tasha a garuruwan kasuwa irin su Maigatari, Wudil ko Illela, mai 'yan ɗakuna a jere, janareto ɗaya, rijiya ɗaya, da allon suna wanda rana ta cinye rabin haruffansa. Dalilin a fili yake. A irin wannan gida komai bai isa ba. Wuta ba ta isa, ruwa ba ya isa, bokiti ma sai an bi layi, kuma ba abin da ke tono hali kamar abu ya yi kaɗan alhali masu so sun yi yawa. Daren Laraba, jajibirin kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ran Alhamis, masauki ɗaya kan tara mutanen da ko gaisawa ba za su yi da rana ba, ya haɗa su da buta ɗaya.

Jarrabawar tana farawa tun daga teburin karɓar baƙi, inda wani ɗan saurayi ke zaune da littafin rajista da tarin makullai, kowanne da ɗan katakonsa mai lamba. Yaron nan bai taɓa yin ƙarya ba, bai kuma taɓa faɗin gaskiya ba. In aka ce "Akwai wuta?" sai ya ce "Ana kawowa." In aka ce "Ruwa fa?" sai ya ce "Akwai shi sosai," yana nufin a cikin rijiya. Fankar ɗaki tana yi? "Jiya ma ta yi." Wanda ya fi kowa jin wannan yare shi ne ma'aikacin gwamnati da aka turo taron bita, domin a ofishinsu ma da shi ake magana. An ba shi alawus ɗin kwana da zai kama ɗaki mai kyau a babban birnin jiha, shi kuwa ya tuna kuɗin makarantar yara ya gangaro nan. Ba ya ƙorafi a kan komai, ko da katifar ta lotsa har ƙashin bayansa na gaisawa da katakon gado. Buƙatarsa ɗaya ce, sai da safe yake faɗinta, murya ƙasa-ƙasa, bayan ya waiga hagu da dama: "Ɗan samari, wurin kuɗin nan bar shi haka, buga hatimi kawai, ni zan cike." Mai jin tausayinsa yana da hujja, mai zarginsa ma yana da ita. Abin lura dai shi ne a otal ɗin da kwamfuta ke fitar da rasit, wannan sashe na halinsa ba zai taɓa samun filin fitowa ba.

Maƙwabcinsa falken shanu ne, kuma shi ba barci ya kawo shi ba, ya zo gadin kuɗinsa ne a wuri mai ƙofa. Naira tana aljihun ciki, sefa tana ɗaure a ƙugu saboda mutanen Nijar da za su tsallako da dabbobi, kujera kuma tana tokare da ƙofa duk da makulli da sakata. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, ya tilasta masa buɗe asusun banki, amma har yau bai yafe wa banki ba. In aka ce an tura masa kuɗi, sai ya sa mutum uku su karanta masa alat, kowanne shi kaɗai, ya ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Yana ɓoye sirrin dukiyarsa matuƙa har zuwa ƙarfe biyun dare, lokacin da zai kira yaronsa na Legas ya shaida masa, da muryar da za a ji a tasha, cewa bijimai nawa yake so, tirela za ta tashi Juma'a, kuma kuɗin duk suna nan jikinsa. Bangon masauki siriri ne, silin kuwa a haɗe yake daga ɗakin farko zuwa na ƙarshe, don haka kafin asuba duk gidan ya san abin da ke ƙugun Alhaji, har da la'adar da ya yi niyyar danne wa dillalinsa.

Sai Yallaɓai, wanda ƙaddara ce ta kawo shi: mota ta lalace, bakanike ya ce sai an aiko da kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Tun daga bakin ƙofa yake sanar da kowa cewa shi ba irin nan yake kwana ba, yana ambaton otal ɗin Transcorp kamar sunan ƙanin mahaifinsa. Zai nemi ganin manaja, a kawo masa yaron nan dai na rajista, ya sa hula. Babban yaƙinsa a kan janareto ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, barin inji ya kwana yana aiki ya fi ƙarfin ƙaramin masauki, sai a kunna da magariba a kashe tsakar dare, mai son ƙari a yi karo-karo a sayo galan. Yallaɓai ne ke fara ihu in inji ya mutu, shi ke cewa "Kun san da wa kuke magana?" a cikin duhun da ba mai iya ganin da wa ake maganar. Amma da yaro ya fara bin ɗakuna yana tara kuɗin mai, sai ɗakinsa ya yi tsit, daga baya a ji wani minshari na musamman da ake tanada don irin wannan lokaci. Ma'aikacin nan mai tattali ya miƙa ɗan abin da ya samu, falke ya kwance ƙugu yana tsaki ya bayar, fanka ta juya a kan kowa, har da mai minsharin. Akwai kuma wanda ba fanka ce ta dame shi ba, wato mai caji: waya huɗu, tocila, rediyo, da wayar wuta mai baki shida da yake yawo da ita a jaka. Da yawan soket yake zaɓen ɗaki, kuma shi ne mutumin da zai iya zare talabijin ɗin falo ana tsakiyar ƙwallo ya tsira da ransa.

A duk gidan mutum ɗaya ne ya zo da shiri, ita ce Hajiya 'yar kasuwa mai fataucin atamfa da kayan ɗaki. Ba ta tambayi yaron rajista komai ba, domin ta san amsoshinsa tun kafin a haife shi. Ta zo da zanen gadonta, da gidan sauronta, da kwaɗonta na kulle ƙofa, da ɗan risho, da 'yar rakiya da za ta kwana a bakin ƙofa. Sai ta ɗaga katifa ta leƙa, ta shaƙi matashin kai ta jefar da shi gefe, sannan a zauna ciniki, kuma ita kaɗai ce aka taɓa ji ta sa an rage kuɗin ɗaki saboda tagar ba ta rufuwa. Mazan gidan kan yi gunaguni cewa ta cika fitina. Tsakar dare kuwa, wanda cikinsa ya murɗa ko kansa ya sara, ƙofarta yake ƙwanƙwasawa: "Hajiya, don Allah ko akwai ɗan magani?" Akwai. Da asuba kuma aiki ya koma hannun Malam, wanda ba wanda ya naɗa shi ladanin gida amma ya karɓi muƙamin da hannu biyu. Tun da dare ya yi jayayya da maigadi a kan alƙibla. Yanzu yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana bugu, "Salla! Salla!", ba ya tsallake ko ɗaya, har da ta ɗan bautar ƙasar da aka turo daga Inugu, wanda ya iso cikin dare yana neman makarantar da zai koyar. Shirin bautar ƙasa tun 1973 yake aika matasa jihohin da ba nasu ba don su san juna, kuma ga sanin juna nan ya samu da ƙarfe biyar saura.

Wani zai ce ai duk wannan baƙon abu ne, Bahaushe bai gaji kwanan otal ba, zaure gare shi, baƙonka annabinka. Maganar tana da daɗi amma rabin tarihi ce. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga a zango suke sauka, wurin fatoma, kuma 'yan kasuwar shanu da ke kai dabbobi unguwar Sabo a Ibadan wurin maigida suke kwana, ya ajiye musu kuɗi, ya nemo musu mai saye, ya ci la'ada. Biyan masauki tsohon abu ne, a da ta hanyar ciniki ake biya, yau a kan tebur. Game da gidan ɗan'uwa kuwa, nan ne wurin da ba a taɓa ganin halin baƙo ba. Kunya ta ɗaure shi: ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, a tambaye shi sauro ya ce bai ji ko ɗaya ba alhali fuskarsa ta kumbura. Kunya a zaure tana yin aikin da kuɗi ke yi a Abuja. A masauki mai araha mutum ya biya, saboda haka ba ya jin nauyin kowa, amma abin da ya biya bai kai ya saya masa keɓewa daga jama'a ba. A wannan ɗan tsakanin ne hali ke leƙowa.

Wani kuma zai ce otal a ƙaramin gari sunansa ya ɓaci, matattarar masha'a ce, shi ya sa ake jin Hisba ta kai samame. Ba a musun cewa akwai irin waɗannan gidaje, akwai kuma irin waɗannan baƙi. Ga ɗan gari nan da ya ajiye babur ɗinsa layi biyu daga ƙofa, ya sa baƙin tabarau bayan isha'i, ya rubuta a rajista sunan da ko shi ba zai amsa ba in an kira. A lungun ɗakuna zai ci karo da maƙwabcinsa, su gaisa har da tambayar iyali, kowanne ya bayyana cewa wani baƙo ya zo dubawa, kuma daga ranar sun zama aminai na dole. Sai dai wannan mutum ba ya rushe hujjar, ƙarfafa ta yake, tun da a masallacin unguwa sahun gaba yake tsayawa. Kuma a daren kasuwa irinsa su ne 'yan tsiraru. Galibin masu kwana direbobi ne, da fatake, da ma'aikatan rigakafi, da 'yan biki da gidan ango ya yi musu kaɗan, da wani bawan Allah mai mata biyu da aka yi rigima a kan ranar girki, ya ga zaman lafiya a kwanan waje ya fi.

Suka mafi ƙarfi ita ce a ce zafi da sauro da gajiya za su fusata kowa, don haka abin da ake gani ba hali ba ne, wahala ce, kuma yabon irin wannan wuri yabon ƙazanta ne. Kashi na biyu a karɓe shi ba gardama. Araha ba ta ado, amma ba ta hana wanke zanen gado ba, kuma mai gidan da ke karɓar kuɗi ya bar banɗaki yadda yake ba shi da mai kare shi. Kashi na farko ne bai tsaya ba. Zafin nan ɗaya ne a duk ɗakunan, sauron ma dangi ɗaya ne, inji kuma lokaci ɗaya ya mutu wa kowa. In da wahala ce kaɗai ke magana, da murya ɗaya za a ji. A dubi bokiti kawai. Akwai mai gama wanka ya ɗebo ruwa ya ajiye wa na bayansa, akwai mai barinsa wayam a tsakar gida, akwai kuma mai shigewa da shi ɗaki ya kulle tun dare don kada a riga shi da safe. Wahala ba ta koya wa ɗayansu wannan a daren ba, daga gida kowa ya taho da abinsa.

Wanda zai iya ba da shaida a kan duk wannan shi ne mazaunin dindindin, kuma da wuya a rasa shi a irin wannan gida. Ko dai ɗan kwangila ne da ya zo karɓar kuɗinsa a ƙaramar hukuma aka ce ya dawo jibi, ko kuwa ɗan kasuwa ne da kayansa suka maƙale lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, aka buɗe a ƙarshen 2020 shi bai buɗe ba. Kwana uku ya ce zai yi. Yanzu bashin ɗaki ya kai inda mai gida ba zai iya korarsa ba, domin in ya tafi da bashin zai tafi. Igiyar shanyarsa ce a tsakar gida, mai shayin bakin titi ya san yawan sukarinsa, in yaron rajista zai je sallar Juma'a shi yake bar wa makullai. Shi ke raba rigimar bokiti, shi ya san inda ake taɓa janareto ya tashi, shi ne kuma ke tarar sabon baƙo tun kafin ya ajiye jaka ya ja shi gefe: "Malam, kada ka yarda da lamba huɗu, fankarta sai an tura ta da sanda. Ka ce a ba ka shida. In ka ga dama kuma ka ranta mini dubu biyu, cak ɗina jibi zai fito."