Idan Gem Ya Yi Korof a Likoro

Leƙa rumfar mai cajin waya a Likoro bayan Isha'i, za ka tarar da samarin da suka yini a gonar rake sun sunkuyar da kai. Ba wuridi suke yi ba. Ƙwallo ake bugawa a PPSSPP, manhajar da wani mutumin Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012 don wasannin PSP su hau waya. Ana zaune lafiya har sai waya ta ce bayanai sun lalace, wato korof. A nan ake gane halin kowa.

Akwai Sarkin Zargi. Shi bai taɓa kuskure ba: ƙanensa ne ya taɓa, ko mai caji, ko bakin mutane. Ba zai faɗa maka cewa ana tsakiyar tura masa fayil ta Xender ya ji an kira shi cin tuwo ya tashi da wayar ba. Rabin fayil kuwa ko a Zariya ba ya buɗewa.

Sai Injiniya, wanda na fi jin tsoro. Kafin ka gama bayani ya fizge wayar: "Kawo nan, yayana, ƙaramin aiki ne." Ya shiga ZArchiver, ya warware wannan, ya tura wancan, ya mayar da harshen manhajar zuwa Sifaniyanci, duk da cewa wannan dabarar ta baƙin allo ce, ciwo daban. Bayan awa ɗaya gem bai tashi ba, hotunan bikin yayarka kuma sun tafi. Abin da ake bukata tun farko shi ne a saka jakar ajiya a cikin SAVEDATA, ta kuma dace da lambar wasan, domin ta Turai ba ta shiga na Amurka.

Mai Araha ya sayi memori a kan tire, an rubuta 64GB, cikinsa kuwa ko kwata babu. Yana cika sai ya fara cinye abin da ke ciki.

Akwai kuma wanda korof ya yi wa rana. Jiya an zura masa biyar, yau yana rantsuwa cewa da ba don ajiyarsa ta lalace ba, da mun ga kofunansa.

Dukansu kuma suna alfahari da "sabon" wasan ƙwallon PES na bana. Kamfanin Konami bai sake yi wa PSP ƙwallo ba tun PES 2014. Sauran duk tsohon ne aka sauya wa riga. Mai karatu, kafin ka miƙa wa Injiniya wayarka, kwafi hotunanka tukuna.