Zuwa ga Jauro, Wanda Ya Mai da Sundiyata Makiyayi

Jauro bawana, labari ya iso mini har Yerwa cewa tun da yaronka ya saka maka Age of Empires II a kwamfuta ka daina barcin kirki, kuma har yau Sumanguru sarkin Sosso bai bar ka ka sha ruwa ba. Tarihi dai ya ce Sundiyata Keita ya karya shi a Kirina wajen shekarar 1235, daga nan daular Mali ta tsaya da ƙafarta. A hannunka kuwa an juya zance, kullum Sosso ke kwana a garinka. Masu ƙirƙirar wasan sun ƙara yaƙin Mali a 2015 don a ji daɗin cin nasara, ba su san zai faɗa hannun Bafulatani ba. To, haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa. Gyara zama, Babarbare zai koya maka yaƙi.

Mu fara da ciwon da ke cin ka. An ce da wasa ya buɗe, ka ga awaki da shanu a bakin gari, sai ka tattara su gefe guda, ka kewaye su da shinge, ka sa sojoji gadi, ka hana kowa taɓa su. Haba Jauro! Dabbobin nan ba sa haihuwa, ba a tatsar su, ba sa ƙiba, ba kuma wanda zai ba ka 'yarsa don ya ga yawansu. Akuya abinci 100 ce, iyakarta ke nan. Kora ta gindin babban gidan gari, a yanka ɗaya, a cinye, sannan a kawo ta biyu, domin naman da aka yasar ruɓewa yake yi. In ka bar su a daji ba kowa kusa, ɗan leƙen asirin abokan gaba zai wuce a kan doki su bi shi salin-alin. Na san hannunka zai yi rawa a yankan farko. Rufe ido ka danna.

Dukiyar gaske a wasan nan talakawa ne. Kowane ɗaya abinci 50 ne, yana fitowa cikin daƙiƙa 25, kuma babban gidan gari bai kamata ya huta ko na ƙiftawar ido ba. Su ke noma, su sare itace, su haƙo zinariya da dutse. Sai dai suna son wurin kwana, abin da na san zai ba ka mamaki, kai da bukkarka ke kan jaki. Gida ɗaya mutum biyar yake ɗauka, in ba ka gina na gaba da wuri ba haihuwa ta tsaya cak. Allah ma ya taimake ka, mutanen Mali ana yi musu rangwamen kashi 15 cikin ɗari na itacen gini. Ka biya zinariya 50 a saƙa wa talakawanka tufafin kariya, kada kowane ɗan iska mai baka ya riƙa ɗauke maka su ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar rowa. Yaronka ya ce zinariyarka takan kai dubbai, kana zaune kana kallon lambar tana hawa kana murmushi, sojojinka kuwa ko sulke babu. Wa kake tara wa? Shiga zamani na biyu abinci 500 ne. Na uku abinci 800 da zinariya 200, na ƙarshe abinci 1000 da zinariya 800. Da ya taru, biya ka wuce. Abin da ya yi saura kai maƙera a ƙara wa makami kaifi, a ƙara wa sulke kauri. In itace ya yi maka yawa, ga kasuwa nan, sayar ka sayi abin da babu. Kasuwar wasan ba ta da dillali, ba wanda zai kama hannunka cikin riga ya cuce ka, saki jikinka.

A fagen fama kuma kana tura kowa da kowa gaba ɗaya, kamar ka kora garke mashaya. Kowane soja da maganinsa. Mahaya dawaki na tsoron 'yan mashi da raƙuma. 'Yan baka in sun cunkushe wuri guda, dutse ɗaya na majaujawa ya ishe su. Dakarun Mali kuwa kowane zamani ana ƙara musu kariya daga kibiya, don haka su za ka sa gaba in maharba suka yi yawa. Gina kagara, dutse 650 ne, daga nan matan Gbeto ke fitowa, masu jifa da wuƙa, ga gudu ga ɓarna, amma ba sa jure duka, sai a bayan dakaru. A gaskiya daga Dahomey masu wasan suka aro su suka liƙa wa Mali, kuma da sun tambaye mu da mun ba su barade na Mai Idris Alooma sun huta. A kagarar nan kuma za ka sayi Farimba, mahayanka su ƙara ƙarfin sara da maki biyar.

Kada ka sake kai wa kagarar Sosso hari da takobi. Gungumen fasa gini ne ke shan kibiya ba ya jin komai, babbar majaujawa kuma daga nesa take rushe gini, ta itace 200 da zinariya 200, muddin ka sa mata masu tsaro. Shi Sundiyata, duk fagen da aka rubuta dole ya rayu, ajiye shi baya kusa da malamai masu warkarwa. Ba sharo ake yi ba da za ka tura shi gaba ya buɗe ƙirji yana murmushi. In ya faɗi wasa ya ƙare, ko da rundunarka ta cika allo. Karanta umarnin fagen kafin ka motsa, ka riƙa adana wasan kafin kowane babban hari.

Na kuma ji ƙishin-ƙishin ka gano kalmar sirrin da ake rubutawa mota mai bindiga ta fito. Mota, Jauro, a ƙarni na 13, a bakin kogin Kwara! Har da ita ma an ce ba ka ci ba, wai ka ajiye ta a inuwa don kada ta sha rana. Cika-ciki ya kusa, ka tanadi kuɗin shara, ka haɗo da ƙwaryar man shanu ladan karatun nan. Kada ka aiko da nonon da aka tsarma wa ruwa, na san halinka.