Digiri Na Biyu A Bango, Ko Allura Ban Sayar Ba

Gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni. Ina da digiri na biyu a fannin kafa sana'a da raya ta, kuma har yau ko allura ban taɓa sayarwa ba. Kwalin yana rataye a falo cikin gilashi, daidai saman firizar da maiɗakina take daskarar da zoɓo da kunun aya. Firizar nan ita ta biya rabin kuɗin makarantar.

Ma'aikacin gwamnati ne ni, cikin ayarin da ke kwana a Suleja, a yi sammako a bi ta Madalla da Zuba a shiga Abuja. Sau biyu a rana nake wuce Dutsen Zuma, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a mota sai ya ji cewa na kusa ajiye aiki in kama kasuwanci. Shekarar da na kwashi adashin ofis, kuɗin sun isa kama shago. Sai zuciya ta raɗa mini: kai da ka yi boko, za ka faɗa kasuwa da ka? Na ɗauki kuɗin na sayi fom a wata jami'a, karatun ƙarshen mako.

Ba zan ci amanar malamaina ba, sun koyar. A wurinsu na gane yadda shago kan ci riba a takarda amma ya mutu, saboda kuɗinsa na hannun masu cin bashi. Na iya lissafin yawan cinikin da zai rufe haya da albashin yara kafin a fara maganar riba. Na san yadda inji yake cin kansa shekara bayan shekara. Har rajistar sunan kamfani na yi a hukumar CAC, suna mai daɗi, da hatimi da katin da nake rabawa a ɗaurin aure. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba masu fara sana'a jarin dala 5,000, na cike takardarta har shafin ƙarshe. Ban tura ba. Na ga akwai waƙafin da bai zauna daidai ba.

Tsarin kasuwanci uku na rubuta: kiwon kaji a hanyar Maje, ruwan leda, da sarin doya daga ƙauyukan Gwari. Kowanne yakan tafi lafiya lau har in iso babin haɗurra. To nan fa gwanintata take. Murar tsuntsaye ta kashe mini kajin da ban saya ba. Rashin wuta ya rufe masana'antar ruwan da ban gina ba. Doyar kuwa kuɗin mota ya cinye ta tun tana cikin kunya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur. Jama'a na salati, ni kuwa can ƙasan raina wani ɗan sanyi nake ji: ai na faɗa, da na zuba jari da yanzu na karye. A makon nan maiɗakina ta rage girman gora, ta ƙara wani abu a farashi, ta ci gaba da cinikinta ba tare da ta nemi shawarar masanin da ke kwana a ɗakinta ba.

Ina da kawu mai rumfar atamfa a kasuwar IBB, wanda da ajami yake rubuta bashinsa. Lokacin haɗa kundin bincike na je masa da takardar tambayoyi. Ya juya ta gaba da baya, ya ajiye a kan bandir, ya ce, "Ɗana, sau nawa ka taɓa karyewa?" Na ce, "Ko sau ɗaya, Kawu." Ya ce, "To me za ka rubuta?" Ya yi mini tayin gefen rumfarsa ba haya, in zo in zauna ranar Asabar. Na ce sai na kare kundi. An yi bikin yaye mu tuni, gefen rumfar wani yaro ne a ciki.

Wani lokaci takardar naira 20 ma tsokanata take yi. Ladi Kwali da ke bayanta a garin nan na Suleja ta yi suna, tun ana kiransa Abuja, a cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe, wadda ta shiga a 1954. Ba ta yi boko ba. Sai da hannunta ya gama magana Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ita tukunya ta fara yi, takarda ta biyo ta. Ni na riƙe takarda ina jiran tukunya ta gina kanta.

Na daɗe ina cewa tsoron asara ne. Ƙarya nake. Idon mutane nake tsoro. Suleja ba ta da girman da mutum zai rufe shago a ɓoye, kafin la'asar maganar ta kai majalisa. Ɗalibi kuwa ba ya karyewa. Ko shekara goma ya yi, cewa za a yi, ai yana karatu, Allah ya ba da sa'a.

Kwanakin baya maiɗakina ta ce, "Malam, ka lissafa mana ko firiza ta biyu mai aiki da sola za ta fitar da kuɗinta." Mako uku na yi a kai, shafi goma sha huɗu, har da zane mai launi. Da na kawo mata ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya ƙara basira. Ashe tun kwana biyu da maganar ta kwashi adashinta ta saya, ta ajiye a gidan yayarta don kada ta katse mini bincike.

Jiya na karɓo fom ɗin digiri na uku. Ita ta ranta mini kuɗin.