Ranar Zubin Dekin a Unguwarmu

Mu nan unguwar ba ma gina gida a shekara ɗaya. Mutum zai sayi fili, ya zagaye shi da bulo layi uku don a san da mai shi, ya koma nemansa. In ya ɗauki adashe ya sauke tifar yashi. In ya sayar da ragunan da ya kiwata gab da Babbar Sallah, ya buga bulo. Rodi kuwa ɗaiɗai ake tara shi a zauren mahaifi har ya isa. Duk wannan tsakanin mutum ne da aljihunsa, ba wanda zai tambaye shi. Amma ranar da za a zuba dekin, ginin ya fita daga hannunsa, ya zama na dangi da maƙwabta.

Dalili kuwa kankare ba ya jiran kowa. Da zarar ruwa ya taɓa siminti, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya fara kamawa. In aka zuba rabi yau aka bar rabi sai gobe, wannan mahaɗin ne zai riƙa yoyo duk damina. Haka ma in bangon tankin ruwa na ƙasa ake zubawa, dole a zagaye shi a tashi ɗaya. Shi ya sa tun ranar Juma'a ake faɗa a majalisa cewa Lahadi akwai zubi a gidan wane, kuma ba mai cewa ba a aiko masa da kati ba.

Kafin ranar, kafinta ya kafa katako, ya tokare shi da itacen turare. Mai rodi ya saƙa mai sha biyu, ya ɗaure da waya. Mai wayarin ya shimfiɗa bututunsa, 'yan garuwa sun cika durom-durom tun daren jiya. Ana idar da Asuba sai ka ga samari sun jeru a kan gadar katako, kwano na tafiya hannu zuwa hannu har sama, fanko na dawowa ta ɗaya gefen. Ƙanin matar gida yana nan, ɗan wan maigida da ya zo hutu daga makaranta yana nan, har maƙwabcin da suka yi ja-in-ja kan kwata bara ya naɗe wando ya riƙe shebur. A cikin gida Gwaggo ce ke da tukunya: garau-garau da mai da yaji, ga zoɓo mai sanyi a bokiti. Ba ta yarda ƙarfe goma ta yi ba a kai wa masu aiki ba.

Wanda na fi girmamawa a wurin shi ne dattijon da ke zaune a inuwa, wanda baƙo zai ɗauka kallo kawai yake yi.

"Kai, buhu nawa aka fasa?"

"Ashirin da biyu, Kawu."

"To kawo min fankon nan gabana in gani."

Aikin Kawu ke nan, kuma babba ne. Ma'aunin da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu mai kilo 50 kwano biyu ne, ke nan kowane buhu yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. In rana ta take, gajiya ta shiga, hannu yakan ƙara yashi ba da niyya ba. Sai an sami mai ido a wurin.

Sai kuma rigimar ruwa, wadda ba a taɓa zubi ba a yi ta ba. Samari na son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗiba, magini na cewa a'a. Gaskiya tana wurin magini. Ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan kafofi yake bari a ciki, ƙarfin ya ragu. Haka in ba a soka kwaɓin da sanda ko injin girgiza ba, ranar cire katako za a ga ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje yana jiran tsatsa.

Gayya dai gadonmu ce. Kakanninmu da ita suka yi tubali, suka ɗora azara, suka yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Sai dai ginin ƙasa yana da haƙuri: in an yi kuskure bana, baɗi a kwaɓa ƙasa a gyara. Kankare in ya kama ya kama, kuma a ƙarƙashinsa yara za su kwana. Don haka ni ban yarda da ɗan'uwan da zai ja maigida gefe ya ce, "Yaya, a rage buhu biyar, ai ba abin da zai faru" ba. Na san tsadar. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, ko na Dangote ne, ko BUA ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gombe, kowa ya ji a jikinsa. Amma in kuɗin bai kai ba, a ɗaga zubin zuwa wata mai zuwa. Mun yi shekaru muna tara rodi, wata ɗaya ba zai gagare mu ba. In kuma bene ake nufi, a nemo injiniya ya duba rodi kafin a rufe shi, a kuma karɓi izinin hukumar tsara birane.

Inda muke da rauni shi ne washegari. La'asar ta yi an gama, an yi addu'a, "Allah ya sa a shiga lafiya," kowa ya watse da ciwon kafaɗa. Daga nan sai a bar maigida shi kaɗai da ban ruwa, shi kuma Litinin yana da wurin aiki. Alhali dekin yana son ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, musamman a zafin bazara ko iskar hunturu da ke busar da shi kafin ya nuna. Tokaren ƙasa yakan kai mako uku ba a taɓa shi ba, cikakken ƙarfi kuwa sai kwana 28. Dekin da yawa da muke gani sun tsattsage, ƙishirwar makon farko ce ta jawo.

To jama'a, zubi na gaba in an tashi cin garau-garau, a raba kwanakin nan bakwai tun kafin a wanke hannu. Wane Litinin, wane Talata, kowa da jarkarsa. Kawu ya riƙe lissafin.