Ranar da Na Yi wa Faifan Kawu Ta'aziyya

Jiya bayan la'asar, a ƙofar shagon cajin waya da ke bakin kasuwar Bagega, na tsaya gaban mutum fiye da ashirin na sanar da rasuwar abin da bai mutu ba. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Kawuna ne mafarin abin. Tun 2013, shekarar da aka zo aka kwashe ƙasar gidajenmu saboda gubar dalma, ya ga ma'aikata kowa da kwamfuta a cinya, ya rantse shi ma ya gama rubuta bashi a littafin 'yan makaranta. Ya je Gusau ya sayo girkakkiyar kwamfuta ta hannu, ya sa yaron shagonsa yana zuba masa sunan duk wanda ya ɗauki bel ɗin injin niƙa ko galan ɗin fetur bai biya ba. Bara kwamfutar ta yi tari sau biyu ta ɗauke. Bashin shekara goma da ɗoriya ya kwanta a cikinta.

Ni kuwa tun da aka daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025 na sa Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina, ban bar kowa ya sha ruwa ba. Labarin Linus Torvalds, ɗalibin nan na Finland da ya fara abin a 1991 ya bar wa duniya kyauta, na ba da shi a majalisa har mai shayi ya haddace. Don haka da Kawu ya kawo kukansa, sai na ce ai wannan ba aiki ba ne: a ciro faifan ajiyar, a jona shi da laftof, sunaye su fito. Na aika Kano aka sayo mini wayar a kasuwar Farm Centre, bakin SATA a gefe ɗaya, USB a ɗayan. Ta iso cikin kwali tare da wata baƙar caja, wadda na ɗauka gyara ce mai shago ya yi mini. Na zare wayar, na miƙa wa Auta, ɗiyar Kawu 'yar aji huɗu, kwalin da abin da ke ciki ta je ta yi wasa.

Shagon cajin nan ne kaɗai ke da sola mai ƙarfi, shi ya sa muka je can. Kafin in zauna labari ya zaga kasuwa cewa yau za a tono littafin bashin Alhaji. Na yi zaton son ilimi ne ya tara mutanen.

Na jona. 'Yar fitilar wayar ta kawo shuɗi, faifai kuwa shiru kamar bulo. Na buɗe baƙin allon nan da nake taƙama da shi, na buga lsusb: ga wayar nan, kwamfuta ta gan ta. Na buga lsblk: faifaina kaɗai, na Kawu ko alamarsa. Na buga dmesg, rubutu ya zubo kamar an yanka buhun gero. Wani daga baya ya ce, "Kai, Malam ya shiga ciki!" Na ɗan ɗaga kafaɗa.

A nan ne Baba mai goro ya jawo bencinsa kusa da ni. Ya ɗauki faifan, ya auna shi a tafin hannu, ya kai shi kunne ya girgiza.

"Malam, wanga abu sanyi ya kama shi. Ka shanya shi bisa kwano ya sha rana."

Na ce, "Baba, ba a sa shi a rana."

"To a ɗan taɓa shi da guduma. Dutsin zinari ma sai an dake shi yake hiddo abin da ke cikinai."

Na karɓe faifan da sauri na mayar kan tebur. Baba bai karaya ba. Ya ɓantari goro, ya tauna, ya yi tunani mai zurfi, sannan ya zo da shawarar da har in mutu ba zan manta ba. Ya ce a samo kwano da ruwa a wanke faifan yadda ake wankin zinari a bakin rafi, a riƙa jujjuyawa a hankali, sunayen banza su bi ruwa, na kirki su kwanta a ƙasa. Mutum uku suka ce wallahi Baba ya kawo magana. Da na ƙi, sai ya aiki wani yaro ya ciro masa maganaɗisun tsohuwar sifika, wai a goga wa faifan ya jawo sunayen waje kamar ƙusa. A lokacin na ce tsoho ne mai son taimako, Allah ya saka masa.

"Yaya, wannan fa?" in ji Auta, tana nuna mini baƙar cajar.

"Ke, manya na aiki."

Na fita bayan shago na ɗaga waya sama ina farautar sabis. Da ƙyar na karanto cewa wasu wayoyin SATA irin wannan ba sa jituwa da direban Linux mai suna uas, sai an rubuta usb-storage.quirks, a bi shi da lambar shaidar wayar SATA ɗin da harafin u, don kwamfuta ta koma tsohon direba mai tafiyar hawainiya. Maganin gaskiya ne, yana yi wa mutane da yawa aiki. Sai dai ni maganin zazzaɓi nake ɗura wa mai jin yunwa. Na rubuta, na kashe na kunna sau uku. Shiru. Awa biyu ta wuce, rigata ta jiƙe sharkaf.

"Yaya, wannan ramin na mene ne?"

"Auta, zan saɓa miki."

To, ga wurin da nake so ƙasa ta tsage. Na tura murfin laftof rabi. Na cire hulata, na shafa kai, na mayar. Na gyara murya irin ta mai kai saƙon mutuwa gidan surukai, na ce, "Kawu, sai haƙuri. Faifan nan ya riga mu gidan gaskiya."

Ban tsaya nan ba, da ma na tsaya. Na yi bayani. Na ce injin cikinsa ya ƙone, na ce ko Legas aka kai shi sai an yi sa'a, na ce Linux ba ya ƙarya. Kawu ya yi salati ya dafe kai. Jama'a suka ɗauki "Allah ya mayar da alheri" da wani irin ƙarfi da ban taɓa ji ba ko a zaman makoki. Wani ya riƙe hannuna da hannu biyu. Wani ya sa aka haɗo mini shayi da madara, ya ce in bar kuɗin. Baba mai goro ya girgiza kai ya ce, "Ai tun da na ga idonai na san ba shi tashi."

Kofin yana bakina lokacin da na ji ƙarar. Wani siririn kuka ne, wuiii, yana tashi a hankali kamar injin niƙa daga unguwa mai nisa, sai kuma ƙir-ƙir-ƙir. Teburin ya ɗan yi rawa a ƙarƙashin gwiwar hannuna. Na sauke ido. Auta tana tsugune a gindin soket, baƙar cajar nan a jone, bakin cajar kuma a cikin wani ɗan zagayayyen rami da ke gefen kan wayar, ramin da yatsana ya yini yana shafawa. Mamacin yana numfashi. A kan allo faifai ya bayyana, da fayil ɗaya a sama, an rubuta BASHI da manyan baƙaƙe.

Shayin ya tsaya mini a maƙogwaro, bai wuce ba bai dawo ba. Babu wanda ya yi tari. Ina jin injin wani mai faci daga can ƙarshen kasuwa.

Abin da ke akwai ba shi da yawa. Ramin USB bolt 5 kawai yake bayarwa. Ƙaramin faifan laftof, mai inci 2.5, wannan ya ishe shi. Babban faifan girkakkiyar kwamfuta, mai inci 3.5, sai an ƙara masa bolt 12 kafin injinsa ya juya. An rubuta 5V da 12V a takardar da ke manne a bayan faifan, an kuma rubuta 12V a jikin cajar. Auta ta ga lamba ta yi kama da lamba. Ni da na yi NCE a Maru na riƙe faifan awa biyu, takardar tana kallona.

Daren jiya ban yi barci ba, kuma ba jahilcin ne ya hana ni ba, hular ce. Me ya kai ni cire hula? Da na ce "bai yi ba" kawai na tashi, da yanzu an manta. Amma na cire hula, na shafa kai, na mayar, na yi wa ƙarfe ta'aziyya. Da safiyar nan ina wucewa zuwa makaranta na ga yara uku a gindin darbejiya, ɗaya ya cire hularsa yana cewa da ɗan'uwansa, "Kawu, sai haƙuri."

Jama'ar kuwa, kafin LibreOffice ya gama buɗe fayil ɗin, rabinsu sun tuna ba su yi alwalar magariba ba, alhali rana tana nan da sauranta. Wanda ya saya mini shayi ya dawo ya raɗa wa mai shayi cewa a rubuta a kaina. Baba mai goro ne kaɗai bai motsa ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ban ce maka yunwa shika ji ba?" Bai taɓa cewa ba. Maganaɗisun yana cikin aljihunsa har lokacin.

Kawu ya sa ni in karanta da ƙarfi. Layi na uku Baba ne: bel biyu da galan huɗu na fetur, tun zamanin da ya gwada sa'arsa a haƙo. Na karanta da daɗin rai, har da jan murya. Na ci gaba ina gangarawa, sai a layi na arba'in da ɗaya muryata ta shaƙe. An rubuta: Malam ɗan Yaya, taya da fetur, naira 14,500.

Kawu ya leƙo ta saman kafaɗata ya ce, "Injiniya, mu fara da na gida."

Auta ya ba naira ɗari biyar.