Jirgin Ƙasan Fulata

Fulata, bawana, labari ya iso mu a Yerwa cewa ka sayar da karsana ka sayo tagulla da ƙarafa, wai kana ƙera ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi a tsakar gidanka na Wuro Hausa. Don Allah, a ina ka taɓa ganin babban, balle ka kwaikwayi ƙaramin? Dogo ya shiga Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya biyo ta Bauchi da Gombe ya sauka garin iyayen gijinka, Maiduguri, a 1964. Yola kuwa ko ƙusa ɗaya ba a kafa mata ba. Na san za ka ce namu ma ya daɗe bai yi kuka ba. Mu dai muna da tashar da za mu nuna wa jikoki.

Tururin da kakanninka suka sani a kan ruwa yake. A da jiragen kamfanin Neja ne ke hawo Binuwai da damina, su sauke gishiri da yadi a Jimeta, su kwashi gyaɗa da fatu, su juya kafin ruwa ya janye ya bar su a kan yashi. Da kwale-kwale ka ce za ka ƙera, da na ce gado ne.

Amma tunda ka nace, zauna ubangidanka ya koya maka. Ran abin nan tukunyarsa ce. Masu wannan sana'a a Ingila, waɗanda ɗan jirginsu mai bin dogo mai faɗin inci 5 ke jan manyan mutane a zaune, da tagulla mai kauri suke yin ta, su liƙe da waldar azurfa. Dalmar masu gyaran bokiti a kasuwar Jimeta ba za ta jure wutar ba. Wuta na bi ta cikin siraran bututu da ke ratsa ruwan, tururi ya tura fistan, wanda ya gama aiki kuma ya fice ta bututun hayaƙi yana zuƙo iska cikin murhu. Wannan ne cuku-cukun da kake ji a talabijin.

Kafin ka kunna ko ashana, cika tukunyar da ruwan sanyi taf, ka matsa shi da famfo har ya ninka ƙarfin da za ta yi aiki da shi. In akwai ɓaraka, ruwa tsiyaya kawai zai yi. Tururi kuwa da rufin ɗakinka zai tafi, a ji ƙarar har fadar Lamiɗo. Kada kuma ka yi rowar ruwa yadda kake yi da man shanu, idonka na kan gilashin awo kullum.

Sai bawul ɗin tsaro. Ina roƙonka, kada ka koya masa fulako. Kai ne za ka kwana da yunwa a gidan surukai kana rantsuwa ka ƙoshi. Shi in ciki ya cika, dole ya buɗe baki ya faɗa.

Kwal ɗin Inugu ya yi maka nisa, fara da gawayi mai kyau. Ranar gwaji a ɗaure shanu nesa. Kujerar gaba tawa ce, kuɗin tikiti kuma ka cire cikin kuɗin sharar da ka hana ni bara.