Ƙarfe Huɗu Na Asuba Za Mu Tashi

Wanda ya san Indiya ta fim kaɗai zai ɗauka idan iyali suka tashi tafiya, mota ce buɗaɗɗiya, iska na kaɗa mayafi, kowa na rera waƙa, ba mai jin fitsari. Ku biyo ni gidan wani magidanci a Chennai da ya ƙudura kai iyalinsa ziyarar yini guda Tirupati, ku ga abin da masu fim suke yankewa.

Tirupati na jihar Andhra Pradesh, kusan kilomita 140 daga Chennai, tafiyar awa uku zuwa huɗu. A saman duwatsun Tirumala ɗakin bautar Venkateswara yake, ɗaya daga cikin wuraren ibadar Hindu mafi jama'a da dukiya, inda sama da mutum 50,000 ke shiga kullum. Mai son gajeren layi sai ya yanki tikitin rufi 300 ta intanet watanni kafin ranar, kuma tikitin ba ya daɗewa yake ƙarewa. Saboda haka ranar da za a sake shi, ɗan gidan da aka biya wa kuɗin karatun kwamfuta zai zauna da waya uku, dangi sun zagaye shi, kowa na miƙo katin shaidarsa na Aadhaar. Mutum biyar aka lissafa tun farko. Amma labari ya faɗa WhatsApp na dangi, sai ga gwaggo, sai ga kawu, sai ga wata da ba a san ta ina aka haɗu ba. Motar Innova mai kujera bakwai za ta ɗauki goma sha ɗaya, domin a lissafin maigida yara ba mutane ba ne, kayan cinya ne.

Daren tafiya maigida zai tara kowa ya yi shela: "Ƙarfe huɗu na asuba za mu tashi. Wanda bai shirya ba, a bar shi." Tun da aka ƙera mota ba a taɓa barin kowa ba.

Uwargida kuwa tun biyun dare tana kicin. Ga wainar idli, ga shinkafa da tsamiya, ga shinkafa da kindirmo, ga kofi a filas, duk an jera a kwanukan ƙarfe masu hawa-hawa. Ta san hukumar wurin na ciyar da maziyarta kyauta, ta san gidajen abinci sun cika hanya, ba ruwanta. Abincin waje ba shi da amana, in ji ta, kuma ba ta ga dalilin da ɗanta zai yi nisan awa uku da tukunyarta ba.

Huɗu ta yi ana layin banɗaki. Shida ana neman makullin mota, wanda ke aljihun mai faɗan. Takwas kawu ya bugo waya yana cewa ga shi nan a kwanar gida, ana jin ƙarar famfon wankansa. Sai tara da minti biyar kowa ya shige, maigida ya murɗa makulli, kaka ta ɗaga hannu daga kujerar baya.

"Kashe motar nan. Rahu kalam ya shiga."

"Amma, don Allah, mun makara!"

"Da ka san da haka ka tashi da huɗun da ka ce."

Rahu kalam wani lokaci ne na awa ɗaya da rabi a kowace rana da masu bin taurari ba sa fara sabon abu a cikinsa, kuma ran Asabar daga tara ne zuwa goma da rabi. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar da aka fi so don wannan ziyara. Haka maigida, injiniya guda mai digiri biyu, zai zauna a ƙofar gidansa yana kallon agogo, iyalinsa na cin guzurin hanya ba a motsa ko taku ɗaya ba. Ashe uwargida ta san mutanenta: tun ranar yankan tikiti ta raɗa wa yaron ya zaɓi na shigar yamma.

An sa lemon tsami ƙarƙashin tayoyi, an taka, an kama hanya. Kawu ya san wata gajeriyar hanya, Google Maps ta san wata, direba na tsakiya. A Tiruttani kaka za ta ce ai rashin kunya ne a wuce ɗakin bautar Murugan ba a leƙa ba.

A Alipiri, gindin dutse, za a sauke kaya kaf a bincika, domin ba a hawa da nama ko giya ko taba. Nan ne abin da ya fi burge ni: ana rubuta lokacin da mota ta shiga, kuma doka ta hana ka isa sama cikin ƙasa da minti 28, saukowa kuma 40. Maigidan da ya yini yana zagin masu tafiyar hawainiya, ga shi an tilasta masa ladabi. Kawu zai nuna matattakala 3,550 da masu ƙafa ke bi ya ce da ƙuruciya a guje yake hayewa. Yana faɗa ne daga kujerar gaba, wadda ya ƙwace saboda ciwon gwiwa.

A sama za a raba saurayin gidan da wandon jins a ɗaura masa zanen dhoti, a karɓe wayarsa, sannan ya ji labarin da aka ɓoye masa: tun yana jinjiri da ya yi zazzaɓi kaka ta yi bakancen gashinsa. Askin gayun da ya biya kuɗi jiya, wanzami ya kwashe shi tas. Hukumar na gwanjon gashin ga masu yin na kanti, don haka amaryar da ta sayi nata da tsada a Legas ta yi wa wata baiwar Allah godiya.

Sai layi, awa biyu, awa uku. Da ka iso gaban abin da ka zo gani, ma'aikata na janye ka suna cewa a matsa gaba. 'Yan daƙiƙu ne. Gwaggo ta yi atishawa, ta buɗe ido ta gan ta a waje.

Daga nan hankali ya koma kan laddu, dunƙulen alawar wurin da gwamnati ta yi wa rajistar asali a 2009 don kada wani ya kwaikwaya. Kowa na samun ɗaya kyauta, ƙari rufi 50. Uwargida ta zaro takarda: maƙwabta, surukai, shugaban ofishin maigida, mai kawo madara. Duk saukowar nan ta minti 40 rabon ake yi, ana cire wanda bai zo bikin sunan bara ba.

Ɗayan dare suka iso gida. Da safe aka aika wa wata gwaggon da ba a tafi da ita ba rabin laddu. Ta karɓa, ta cinye, ta fice daga WhatsApp na dangi.